Na'urar hangen taurari mai madubi: wacce ta dace da ɗan koyo a Kaduna?

Wanda ya shiga intanet neman na'urar hangen taurari karon farko, abin da zai fara cin karo da shi shi ne kwali mai hoton duniyar Zuhal (Saturn) da zobensa, an rubuta 525x ko 675x da manyan baƙaƙe. Wannan lamba ba ta da amfani wajen zaɓi. Lambobin da za ka nema biyu ne, galibi a rubuce kamar 114/900 ko 130/650. Ta farko faɗin madubi ce a milimita. Ta biyu nisan da haske yake tafiya daga madubin kafin ya haɗu wuri guda. Ninkin girma kuwa kai ne kake zaɓarsa da gilashin leƙe da ka saka: ka raba lamba ta biyu da lambar da ke jikin gilashin. Na'urar 130/650 da gilashin milimita 25 tana ba da sau 26, da na milimita 10 kuma sau 65. Iyakar ninkin da madubi zai ɗauka hoto bai lalace ba kusan faɗinsa ne sau biyu, wato madubin 76 ba zai wuce sau 150 ba ko a daren da iska ta kwanta sarai. Duk abin da ya haura haka dishi-dishi ne kawai aka ƙara wa girma.

Irin na'urar da muke magana a kai ita ce wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668. Bututu ne buɗaɗɗe a gaba. A ƙasansa akwai babban madubi mai zurfi da ke tattara haske ya mayar da shi sama, inda wani ƙaramin madubi da aka karkatar yake tura shi gefe zuwa wurin leƙe. Da kuɗin da za ka sayi na'ura mai gilashi a gaba mai faɗin 80, sau da yawa za ka iya samun mai madubi 130, kuma faɗi shi ne komai a wannan harka. Madubi yana tarar haske ne yadda baho yake tarar ruwan sama: in faɗinsa ya ninka biyu, abin da zai tara ya ninka huɗu. Don haka 130 yana tara hasken 76 kusan sau uku, 200 kuma yana tara na 130 sau biyu da ɗoriya.

Madubai biyar, da tarko guda

Madubin 76 zai nuna maka ramukan Wata, da watanni huɗu na duniyar Mushtari (Jupiter) waɗanda Galileo ya gani a 1610, da zoben Zuhal ɗan mitsitsi. Daga nan ya ƙare. Ga yaro ɗan firamare ba laifi, musamman 76/700 mai dogon bututu. Babban mutum da zai tara kuɗi ya yi oda daga waje, gara ya ƙara haƙuri.

A kan 114 ne ake yawan faɗawa rami, saboda na'urori biyu ne masu kama da juna a suna, amma tsakaninsu akwai nisa. Akwai 114/900, bututunta ya kusa mita ɗaya. Madubinta yawanci an goge shi ne da siffar ɓangaren ƙwallo, wadda ta fi sauƙin ƙerawa, kuma da yake nisan hasken yana da tsawo, aibin wannan siffa ba ya bayyana sosai. Tana ba da hoto mai kyau a Wata da Mushtari. Sai kuma 114/1000 da 127/1000 masu gajeren bututu, wanda bai wuce rabin mita ba. Tambayar da ya kamata mai saye ya yi ita ce: ta yaya hasken da ke buƙatar tafiyar mita ɗaya ya shiga bututun rabin mita? Amsar ita ce an cusa wani ɗan gilashi a cikin wurin leƙe don ya tsawaita nisan, ya kuma rufe aibin madubi mai araha. Ana kiran wannan tsari Bird-Jones, kuma Celestron PowerSeeker 127EQ misali ne sananne. Hotonsa yakan yi laushi da zarar an wuce sau 60 ko 70, daidaita madubansa kuma aiki ne mai cin rai saboda gilashin nan ya tare hanya. Duk na'urar Newton da ka ga bututunta ya gaza lambarta ta biyu da nisa haka, ka wuce ta. Araha ba ta ado.

130/650 ita ce inda harkar take fara daɗi, da sharaɗin madubin ya zama mai siffar farabola, wadda take tattara dukkan hasken a ɗigo ɗaya. A na'urorin Sky-Watcher harafin P bayan lamba, kamar Heritage 130P, shi ke nuna haka. A gajeren nisa irin wannan, madubi mai siffar ƙwallo ba ya taɓa ba da hoto tsaf. Ƙarfin 130/650 yana wajen faɗin fili. Da gilashin milimita 32 kana samun sau 20 da filin da ya haura digiri biyu, wanda zai ɗauke Kaza da 'ya'yanta gaba ɗaya cikin leƙe guda. Rauninta a wajen duniyoyi ne: kafin ka kai sau 130 a kan Mushtari sai ka sami gilashin milimita 5, ko ka haɗa na 10 da Barlow, wato ɗan gilashin da ake sawa kafin na leƙe ya ninka girma biyu. Sannan taurarin da ke bakin fili sukan ɗan yi jela, abin da ya zama ɗabi'ar kowane gajeren madubi.

150/1200 kusan kishiyarta ce. Gilashin milimita 10 da ke zuwa cikin kwali ya riga ya ba ka sau 120, inda layukan gajimare biyu da suka yi wa Mushtari ɗamara suke fitowa sarai, har da jan tabonsa in ya juyo ta ɓangarenmu kuma iska ta natsu. Tana yafe wa gilashin leƙe mai araha, tana kuma yafe ɗan kuskuren daidaita madubi, abubuwa biyun da ɗan koyo ba ya rasawa. Abin da ka rasa shi ne faɗin fili: Kaza ba za ta shiga duka ba. In ana maganar ingancin hoto da ƙarancin wahala, wannan ce muka fi ba sabon shiga shawara a kai.

200/1200 ita ce wadda mutum zai yi shekaru bai ƙure ta ba. Amma bututun ya haura mita, shi da mazauninsa sun wuce kilo 20, kuma cikin kwali biyu manya take zuwa. Kuɗin dako daga waje da girman kwali ake lissafa shi, ba nauyi kaɗai ba. Sai ka tambayi kanka kuma: ina za ta zauna? In ɗaki ne a bene, kuma kowane dare sai an sauko da ita sawu biyu, bayan wata guda za ta koma kusurwa ta zauna. Na'urar 130 da ake fitarwa kullum ta fi 200 da ake fitarwa sau ɗaya a sallah.

Mazauni ya fi madubi kashe sha'awa

Yawancin waɗanda suka jingine wannan sha'awa, ba madubi ne ya kore su ba, mazauni ne. A ninki sau 100, ɗan girgiza kaɗan ma sau 100 yake zama. In ka taɓa wurin saita gani, hoto ya yi ta rawa daƙiƙa biyar ko shida, ba za ka taɓa gane inda ya fi fitowa tsaf ba.

Mazauni iri biyu ne ke gabanka. Na farko shi ne mai alamar EQ, wanda ke bisa ƙafafu uku, da sanda mai ɗauke da ƙarfen daidaita nauyi. Hikimarsa tana da kyau. Duniya tana juyawa digiri 15 a awa, don haka a sau 120 Mushtari yakan bar tsakiyar fili ya kai baki cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. In ka saita sandar mazaunin ta fuskanci tauraron arewa, to da murɗa abu ɗaya tak za ka riƙa bin duk abin da kake kallo, har ma a iya sa masa ɗan injin da zai bi da kansa.

Matsalar ita ce inda muke zaune. Kaduna tana kan kusan digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka tsayin tauraron arewa a samanmu ke nan, digiri 10 da rabi. Miƙe hannu ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen nan shi ne kusan tazarar da ke tsakanin tauraron da ƙasa. Katangar maƙwabci, bishiyar mangwaro ko hazon hunturu sun isa su ɓoye shi. Ana iya saita ma'aunin mazaunin a kan 10 da rabi a fuskanci arewa da kamfas na waya, kuma don kallo da ido hakan ya wadatar. To amma an ƙera waɗannan mazaunai ne da ƙasashe irin su Ingila da Amurka a rai, inda sandar take tashi digiri 40 ko 50. In aka kwantar da ita zuwa 10, a wasu ƙanana ƙarfen nauyin yakan bugi ƙafar mazaunin. Ƙari a kan haka, duk lokacin da ka juya daga gabas zuwa yamma, wurin leƙe yakan koma ƙarƙashin bututu ko ya kalli sama, sai ka sassauta zobban da ke riƙe da bututun ka murɗa shi. Kuma EQ ɗin da ake haɗawa da na'urori masu araha kusan kullum ya yi wa bututun ƙanƙanta.

Na biyu shi ne mazaunin Dobson, wanda John Dobson ya yaɗa a San Faransisko tun shekarun 1960. Akwatin katako ne mai juyawa dama da hagu, bututu yana zaune a kansa yana tashi sama da ƙasa. Ka ajiye, ka tura da hannu, shi ke nan. Ba ya rawa saboda nauyinsa a ƙasa yake, kuma kusan duk kuɗinka madubi suka tafi. Aibinsa biyu ne. Dole ka riƙa ɗan tura bututun kowane rabin minti in kana kan babban ninki, abin da hannu yakan saba da shi cikin 'yan darare. Sannan bin abin da ke tsakar ka daidai yana da wuya, don a nan juyawar dama da hagu ba ta motsa bututun yadda kake so. A Kaduna wannan yana faruwa, domin Wata da duniyoyi sukan ratsa ta saman kanmu. Maganinsa sauƙi ne: ka kalle su awa ɗaya kafin su kai tsakiya ko awa ɗaya bayan sun gota.

Dobson ɗin ma iri biyu ne. Na 150/1200 da 200/1200 a ƙasa suke zama, kana kallo daga kujera. Na 130/650 da 150/750 gajeru ne, sai an ɗora su a kan wani abu, kuma a nan mutane suke ɓata su: teburin roba na biki yana rawa fiye da kowane mazauni mai araha. Ka sa kafinta ya yi maka ɗan benci mai ƙafa uku, ba huɗu ba, don ƙafa uku ba ta gurgunta a ƙasa marar daidai, tsayinsa wajen santimita 40 zuwa 50.

Akwai wata hanya ga wanda kuɗin dako ya tsorata. Ana sayar da bututu shi kaɗai da zobbansa, kuma mazaunin Dobson ba ya fin ƙarfin kafintan Panteka. Filawud mai kaurin milimita 18, faifai biyu da noti guda a tsakiya, ƙasan faifan sama a manna masa fomaika, faifan ƙasa a sa masa 'yan guntayen Teflon uku a tazara daidai. Kada a bari kafinta ya sa boris don ya yi santsi. Ana son ɗan riƙo ne, yadda bututu zai tafi in an tura, ya tsaya cak in an saki.

Ƙura, zafi da damina

A nan ne na'ura mai gilashi a gaba take da hujja. Bututunta a rufe yake, ba a daidaita ta, gogewa ɗaya ta isa. Mai madubi kuwa bakinta a buɗe, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana sauka a kan komai. Heritage ta fi kowacce shan wannan, saboda rabin bututunta sanduna biyu ne kawai da ake ja a tura. In ita ka zaɓa, ka yi mata riga da baƙin yadi ko siririn soso, wadda za ta tare ƙura da hasken fitilar maƙwabta.

Sai dai ƙura ba ta kai yadda ake tsoronta ba. Madubin da ka haska da tocila ka ga ya yi furu-furu yana nan yana aiki lafiya. Abin da ke kashe madubi shi ne gogewa. Fatar alminiyan da ke samansa siririya ce ƙwarai, ƙurar Sahara kuma tana ɗauke da ƙwayoyin yashi, don haka tsumma ko tishu a bushe zane za su bar masa na har abada. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce, ya isa wanki. Ka yi alama da biro a gindin bututu don ka mayar yadda yake, ka ciro madubin, ka kwarara masa ruwa ya tafi da yashi, ka jiƙa shi minti goma a ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigo biyu na sabulun wanke-wanke. Sannan ka ja audugar kemis a kansa cikin ruwan ba tare da dannawa ba, kowane ja da sabuwar auduga. Ɗauraya ta ƙarshe da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbatar ba mai asid ba ne. Ka jingine shi a tsaye ya bushe da kansa. Wajen mayarwa, 'yan maƙallan da ke riƙe bakinsa kada a ɗaure su tam. Ya zama takarda za ta iya shiga tsakani. In an matse, taurari sukan fito da kusurwa uku.

Zafi ma yana da nasa. Na'urar da ta wuni a ɗaki ƙarƙashin kwano, in aka fito da ita cikin sanyin dare, madubin yana fitar da ɗumi a cikin bututu, hoto ya yi ta malala. 130 tana buƙatar minti 20 zuwa 30 a waje kafin ta huce, 200 kuwa takan kai awa. Ka fitar da ita bayan magariba, ka fara kallo bayan isha'i. Ka guji hangen abin da ke daf da saman rufin kwano ko kusa da janareto. Da damina kuma matsalar laima ce, musamman unguwannin da ke kusa da kogi irin su Kabala da Barnawa. Kada ka rufe bututu da raɓa a jikinsa. Ka bar shi a buɗe a ɗaki, bakinsa a kwance, sai ya bushe, in ba haka ba fumfuna za ta kama gilasan leƙe.

Game da abin da za a gani, wurinmu yana da gata. Hazo mai kauri yana shafe gajimaren taurari, amma Wata da duniyoyi suna ratsa siririn hazo ba matsala. Mafi kyawun sama shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, da kuma daren da ruwa ya ɗauke ya wanke iska. Gajimaren da ke cikin tarin taurarin Orion yana hawa har digiri 74, a Janairu wajen ƙarfe goma na dare, kuma a sau 65 za ka ga taurari huɗu a cikinsa. Dunƙulen taurari na Omega Centauri, wanda mutanen Ingila ba sa ganinsa sam, a nan yana tashi digiri 32 ta kudu, kafin asuba a Fabrairu ko farkon dare a Mayu. A nan ne bambancin faɗi yake fitowa fili: a 130 gefensa ne yake fara rarrabewa, a 200 kuwa taurari ne birjik. Zoben Zuhal ya juyo mana da kaifinsa a Maris 2025, kuma yanzu yana ta buɗewa shekara bayan shekara. Kada dai ka sa ran launukan hotunan intanet. Ido toka-toka yake ganin gajimare. Ba kuma sai ka fita daji da dare neman duhu ba, halin tsaro bai ba da wannan ba. Tsakar gida a daren da aka ɗauke wuta ta isa, ka ba idonka minti 20 ba tare da duba waya ba.

Daidaita madubai

Wannan shi ne harajin mai madubi, kuma bayan dako da ramukan hanya kusan tabbas za ta iso a karkace. Kayan aikin murfi ne mai ɗan rami a tsakiya da ake sawa a wurin leƙe. Da rana, ka fuskanci bango mai haske, bututu a kwance don kada sukudireba ta suɓuce ta faɗa kan babban madubi. Ka fara da ƙaramin madubi: sukurori uku ne a bayansa, ka riƙa sassauta ɗaya kana ɗaure wani har ka hango babban madubin gaba ɗaya da maƙallansa uku. Sai ka koma gindin bututu, inda akwai sukurorin kulle uku da na saiti uku. Ka sassauta na kulle, ka murɗa na saiti kwata-kwata na zagaye, har ɗigon ramin murfin ya shiga tsakiyar ɗan zoben da aka manna a tsakiyar madubin. Da dare ka gwada da tauraro mai haske a tsakiyar fili, ka ɗan murɗa wurin saita gani har tauraron ya bazu ya zama da'irar haske mai baƙin ɗigo a ciki: in baƙin ɗigon yana tsakiyar da'irar, ka gama. Karon farko zai ci rabin awa, daga baya minti biyu. 130/650 tana son a duba ta kusan kowace fita, 150/1200 takan yi makonni.

Wanda babban burinsa neman jinjirin watan Ramadan ko na Shawwal ne, mai madubi ba ita ce ta fi dacewa ba. Hotonta a kife yake, filinta matsattse ne, kuma jinjirin wata yana can ƙasa inda gajeren Dobson ba ya hango bayan katanga. Madubin hannu mai ido biyu, 10x50, ya fi ta a wannan aiki, ko ƙaramar mai gilashi 70 ko 80. Ko da wanne ne, sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Leƙe ɗaya ga rana ta cikin na'ura yana ƙona ido nan take ba tare da an ji zafi ba, kuma ɗan baƙin gilashin da ake murɗawa a bakin gilashin leƙe wai don kallon rana yana fashewa da zafi. In ka same shi a kwali, ka jefar. Kada kuma a bar na'ura a tsakar gida da rana inda yara suke.

Kafin ka biya, ka duba faɗin wurin leƙe: ya zama inci 1.25, ba 0.965 ba, don na biyun ba a samun gilasai masu kyau da za su shige shi. Gilasai masu alamar H20 ko SR4 shaida ce ta na'ura marar inganci. Gilasai irin Plössl ko Kellner ake nema. Ɗan manuni, wato abin da ake maƙalawa a jikin bututu don nemo abin da za a kalla, mai jan ɗigo ya fi ɗan ƙaramin mahangi 5x24 na roba nesa ba kusa ba, batirinsa CR2032 ne, ka ajiye na ko-ta-kwana don mantawa da shi a kunne abu ne da kowa yake yi. Ranar da kaya suka iso, ka girgiza bututun a hankali kusa da kunne kafin mai kawowa ya tafi, ka leƙa ka tabbatar ƙaramin madubi yana nan a maƙale. Tun da rana ka saita manunin a kan kan eriyar sadarwa ko hasumiyar masallaci da ke nesa, aƙalla rabin kilomita, ta ɓangaren da babu rana: ka sa ta a tsakiyar gilashin milimita 25, sannan ka murɗa manunin har jan ɗigon ya hau kanta.